Kunyar Suruki a Gadon Asibiti

"Ni dai muddin ina numfashi, macen da ta saba ɗaga rigar maza ba ta dafa ma ƙanena tuwo."

Gwaggo Kande ce ta faɗi haka, kuma ba a ƙuryar ɗaki ta faɗa ba. A gidan suna ta faɗa, can Rawayau, tsakar gida cike da mata. Shi ya sa maganar ba ta kwana ba sai da ta iso Kurfi, ta tarar da Mardiya tana goge farar rigarta ta makaranta.

Mardiya ba ta kashe kowa ba. Laifinta karatun jinya take yi, tana shekarar ƙarshe, kuma Ja'afar, ɗan Alhaji Rabe na fari, ya rantse in ba ita ba sai dai ya tsufa gwauro. Mahaifiyar Ja'afar ta rasu tun yana goye. Gwaggo Kande, yayar mahaifinsa, ita ta raine shi, don haka a gidan nan ko tari ta yi sai kowa ya gyara zama.

Mutum ɗaya ne bai gyara ba. Alhaji Rabe ya ce shi ya san gidan su yarinyar, ya san marigayi ubanta, kuma duba marar lafiya ba aikin kunya ba ne. Ya ce a bari a kawar da gero da dawa, zai tura dattawa Kurfi da goro. Duk auren Mardiya a nan yake rataye, a bakin tsoho ɗaya.

A nata gidan ma ba a bar ta ta sarara ba. Kawunta da ke riƙe da ita ya gaji da jin sunan gidansa a bakin matan Rawayau. Ya ce in an gama girbi bai ga goro ba, zai ba Zubair dama ya turo. Zubair mai kemis ne a bakin tasha, mai fara'a da ƙaton agogo. Duk Kurfi an san rabin son da yake yi na Mardiya ne, rabin kuma na allurar da za ta riƙa yi wa mutane a shagonsa.

Ana cikin wannan ja-in-jar aka tura 'yan ajinsu koyon aiki wani asibiti a Dutsin-Ma. Ita aka ajiye ta ɗakin maza.

Ran nan da safe ta shigo da sallama tana gyara hijabi, sai ta hango Gwaggo Kande zaune bisa tabarma a gefen gadon lungu, ga buta, ga fulas, ga kwanon sha. A kan gadon kuwa, an ja masa zane har ƙirji, Alhaji Rabe ne. Jiya da yamma aka yi masa aikin kaba. Ja'afar bai gaya mata ba, don tsohon ya hana a gaya wa kowa. Ciwon da ke ƙasan cibiya ba a yi masa shela.

Mardiya ta durƙusa daga nesa ta gaishe su. Alhaji ya amsa yana kallon rufin ɗaki. Gwaggo ta amsa da hanci, ta bi ta da ido tun daga takalmi har goshi, ta ja ƙafarta kamar za a taka mata.

Mardiya ta wuce kai tsaye wurin Sista Magdalina.

Sista Magdalina ita ke riƙe da ɗakin, ita ce kuma ke koyar da ɗalibai a bakin gado. Mutuniyar Langtang ce, Kirista, ta zo Dutsin-Ma tana budurwa, ga shi har furfura ta leƙo ta gefen ɗankwalinta. Darasin da ta fi so shi ne na al'ada da jinya. Takan ce musu marar lafiya ba shi kaɗai yake hawa gado ba, da gidansu yake hawa, da abin da suke faɗa da abin da ba sa faɗa. Takan ba su labarin shekararta ta farko, lokacin da ta miƙa wa wata tsohuwa magani da hannun hagu, tsohuwar ta karɓa har da godiya, tana juya baya ta wurgar da shi ta taga. Har ta taɓa tsayawa tana koya musu yadda ake tambayar dattijo ba a kunyata shi ba, a ce ya zagaya, a ce ya kama ruwa. A ranar nan Mardiya har da toshe baki tana dariya, wai ita za a koya wa Hausa.

Yau babu dariya. A tsaye ta yi wa Sista bayanin ko wane ne a gadon lungu, ta roƙi a canza mata ɗaki.

Sista ta tausaya mata, amma hannu ya yi kaɗan. Ernest, namiji ɗaya tilo cikin nas-nas ɗin ranar, ya bi motar asibiti zuwa Katsina da wani da babur ya kaɗe. Sauran ɗalibai an raba su tsakanin ɗakin haihuwa da tiyata. Ta ce ba za ta sa ta wankin ciwo ba, ba za ta sa ta ɗaga masa zane ba, awon zafi da awon jini kawai za ta yi. Sai tambaya ɗaya da ke gabansu: tun da aka fito da shi bai yi fitsari ba, kuma allurar kashin baya takan riƙe mara, balle ta mai shekaru.

"Ke 'yar gida ce," in ji Sista. "Zai fi sakin jiki da ke a kaina. Ki tambaye shi yadda kuke tambaya."

A nan Sista ta zame, duk da iliminta da furfurarta. Akwai abin da baƙuwa za ta tambayi dattijo ya amsa, 'yar gida kuwa ba ta isa ta buɗe baki ba.

Mardiya ta ɗauki abin awo ta koma. Ta naɗa masa a damtse ba ta kalli fuskarsa ba, shi ma bai kalli tata ba. Tambayar ta taso har maƙogwaronta. Ta ɗago kai, ta yi ido huɗu da Gwaggo, tambayar ta koma inda ta fito.

"Baba, ya ƙarfin jiki? Komai dai lafiya?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

Ya gane abin da take nufi. Ita ma ta san ya gane. Ya amsa mata yadda ba za ta ji nauyi ba, ita kuma ta karɓa da hannu biyu don kada ta ƙara tambaya. Ta koma ta ce wa Sista ta tambaya, ya ce komai lafiya. Sista ta ce madalla, ta juya ga wani gadon.

Ni dai ban ga maƙaryaci a cikinsu ba. Kowa rufa wa ɗan'uwansa asiri ya yi, yadda aka tarbiyyantar da shi tun yana ƙarami. Marar tsohon ce kawai ba a yi shawara da ita ba, ita kuwa tana ta cika.

Wajen azahar Ja'afar ya iso daga makarantar da yake koyarwa, ƙurar alli har a hannun riga. Ya tare ta a bakin famfo, ya ba ta haƙuri kan ɓoye mata da ya yi. Ya roƙe ta ta yi nesa da gadon, don Gwaggo abin kamawa take nema, ɗan lokaci ne a sallame su. Ta ce masa ba ita ta zaɓi gadon ba. Wayarta ta yi ƙara a aljihu, ya ga sunan Zubair kafin ta kashe, ya haɗe rai, suka rabu kowa da abin da ke cinsa.

Da ta koma zagayen rana, abubuwa suka fara shiga idonta ɗaya bayan ɗaya.

Kunun da Gwaggo ta zuba tun safe ya yi fata a kwano. Ruwan sha yana nan yadda aka ɗebo shi. Buta cike take, amma Alhaji taimama ya yi da bango ya yi sallarsa a kwance. Ya naɗe gwiwoyinsa, yatsunsa sun damƙi katifa, zufa tana bin wuyansa, leɓensa yana motsi da salati. Gwaggo tana yi masa fifita tana cewa zafin gari ne da zafin ɗinki.

Mardiya ta auna. Jinin ya haura. Ta saci kallon zanen da ke kansa, ta ga ƙasan cibiyar ya taso kamar an kifa ƙaramar ƙwarya.

Sai ta gane. Tsohon ya ƙi ci, ya ƙi sha, don kada abin ya ƙaru, kuma duk don kada ya faɗa a gabanta. Ita ce kuma ta je ta ce komai lafiya.

Ta durƙusa a gefen gadon.

"Baba, ka kama ruwa tun jiya?"

Fifitar Gwaggo ta tsaya.

"Ke, da wa kike?"

Mardiya ba ta waiwaye ta ba. Ta tura maganar ta fito.

"Baba, fitsari nake tambaya. Ka yi fitsari?"

Mutanen da ke sauran gadaje kowa ya sami abin kallo a wani wuri. Alhaji Rabe ya juya fuskarsa bango a hankali. Gwaggo ta miƙe tana gyara zane, ta ce jama'a su shaida, wannan ita ce matar da ake son kawo mata gida, mai kiran abin nan da sunansa a gaban uban mijinta.

Mardiya ta tashi da gudu ta kira Sista.

Abin takaici, Sista na zuwa ta sunkuya ta yi masa tambayar nan, tsohon ya amsa ba gardama, murya can ƙasa. Ya ce rabonsa da shi tun jiya, kuma ji yake kamar zai fashe. Sista ta ɗago ta dubi Mardiya sau ɗaya.

Suka gwada dabarun da ake gwadawa. An ɗora masa tsumman ruwan ɗumi, an buɗe famfo don ya ji zubar ruwa, an tayar da shi zaune an ba shi wuri. Ko ɗigo. Likita yana tiyata, hannunsa cikin cikin wata mai naƙuda, ta bakin ƙofa ya ce a sa robar fitsari yanzu, kada a jira shi. Aka kira Ernest, ya ce ko sallamarsu ba a yi ba a Katsina.

Alhaji ya ce shi zai jira namiji, ko da ajalinsa ke nan.

Sista ta jawo kujera ta zauna daidai kansa, ta yi masa magana yadda ake yi wa babba. Ta ce masa ita ma tana da jikoki. Ta ce za ta lulluɓe shi gaba ɗaya, ba za ta buɗe wurin da ya wuce tafin hannu ba. Ta ce in ya jira, mara za ta tura ɗinkin ya buɗe, ƙoda ma tana iya taɓuwa.

"Kuma ni ba 'yar garinku ba ce, Baba. Ba za ka gamu da ni gidan biki ba, ba za ka gamu da ni gidan suna ba."

Daga baya Alhaji ya ce to, amma yarinyar nan ta fita. Ja'afar ya matso ya ce shi zai riƙe shi. Tsohon ya ce a fitar da wancan ma. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ya kira, balle ya kwanta tsirara a gabansa.

Sista ta ja labule ya zagaye gadon.

Su uku suka tsaya a waje, ba mai kallon wani. Daga ciki suna jin ƙarar faranti, suna jin Sista tana cewa ya saki jiki, ya yi haƙuri, saura kaɗan. Sai nishi. Sai wani nishin da ya fi na farko. Sai gadon ya girgiza, farantin ƙarfe ya faɗi ƙasa, kayan ciki suka tarwatse har ƙarƙashin labule.

Hanyar fitsarin ta tsuke saboda shekaru, zafi kuma ya sa tsohon yana fizge ƙafa. Mutum ɗaya ba zai riƙe ƙafa, ya buɗe sabon kaya, kuma hannunsa ya zauna da tsabta ba.

Muryar Sista ta fito a natse.

"Mardiya. Ina neman hannu mai safa. Ba zan tilasta miki ba, amma ɗinkin ya fara jini."

Gwaggo Kande ta taka ta tsaya tsakaninta da labulen. Wannan karon ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa maganar ta fi shiga.

"In kika ɗaga labulen ga, ki sani kin ɗaga shi da aurenki. Ba a ganin tsiraicin suruki, gobe a zo a durƙusa a aje mashi tuwo. Ba a taɓa yi ba gidanmu, ba kuwa kanki za a fara ba."

Mardiya ta juya ta dubi Ja'afar. Kalma ɗaya take nema, ko wace iri ce. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi labulen, ya dubi Gwaggonsa, sai ya sauke idonsa ƙasa.

Tsohon ya sake yin nishi.

Ta je famfo ta wanke hannu har gwiwa, yadda aka koya mata, ba ta tsallake ko yatsa ɗaya ba. Ta sa safar hannu. Ta raɓa ta gefen Gwaggo ta ɗaga labulen.

Alhaji yana jin sallamarta ya laluba ya jawo mayafinsa ya rufe fuska. Ita kuma ta kafe idonta a kan hannun Sista. Ta yage sabon kaya ta miƙa, ta danne masa gwiwa da damtsenta, ta haska inda aka ce ta haska. Ta so a ce ba ta ga komai ba, amma aiki ne, kuma ba a yinsa ido rufe. A ƙarƙashin mayafin tana jin tsohon yana kuka, irin kukan manya da ba ya fita, sai dai ƙirji ya yi ta motsi.

Robar ta shiga. Jakar ta fara cika, ta yi ta cika har Sista ta girgiza kai. Gwiwar da ke ƙarƙashin hannun Mardiya ta saki a hankali. Tsohon ya ja dogon numfashi ya yi hamdala, amma bai buɗe fuska ba.

A wurin wanke kaya Sista ta yi mata maganar da ta ajiye. Ta ce ita ma ta yi kuskure da ta tura ta, ta ɗauka kusanci sauƙi ne. Amma da Mardiya ta dawo tun safe ta ce ta kasa tambaya, da ita ta je da kanta, da ba a kai ga haka ba. Ta ce nas tana iya jin kunya, abin da ba ta da izini shi ne ta kawo amsar da ba ta samo ba. Mardiya ta ce ta ji. Hawaye yana ɗiga cikin ruwan sabulu, ta ci gaba da wanke farantin.

Bayan la'asar ta fita ta zauna ƙarƙashin darbejiyar bayan ɗakin. Kafin nan Gwaggo ta riga ta ari waya ta kira Kurfi. Kawu ya kira Mardiya har ta gaji da kashewa. Zubair ma ya turo saƙo, wai ya ji abin da ya faru, in tana so ya zo da mota ya ɗauke ta. Labari a ƙasar nan ba ya neman kuɗin mota.

Ja'afar ya zo ya tsaya a kanta, idonsa ja.

"Mardiya, na gode. Wallahi ban san da bakin da zan gode miki ba."

"Bakin yana nan ashe? Ɗazu na neme shi ban gan shi ba."

Ya tsuguna a gabanta. Ya ce ta dubi Allah ta dubi inda aka sa shi. In ya ce ta shiga, ya tura matar da zai aura ta ga tsiraicin ubansa da bakinsa. In ya ce kada ta shiga, ya bar ubansa yana mutuwa a bayan labule.

"Ni ma biyun nan na gani, Malam. Ba wata ta uku aka nuna mini ba. Amma ni na zaɓa, kai kuwa ka bar ni ni kaɗai na ɗauka."

"Na yi laifi."

"Ba laifinka nake kuka ba." Ta goge fuska da gefen hijabi, wasu suka sake zubowa. "Duk gidanku mutum ɗaya ya tsaya mini. Da kowa yake zagina shi ya ce ya san ubana. Shi na bari ya wuni cikin azaba saboda kunyata, shi kuma na zo na tsiraita da hannuna. Ka gaya mini, da wane ido zai dube ni?"

Ja'afar ya ce zai kama haya a nan Dutsin-Ma, ba sai ta zauna Rawayau ba. Ta tambaye shi ranar Sallah fa? Ranar da ta haihu fa, wa zai yi wa jaririn huɗuba? Shi ne babba, sashensa a cikin gidan aka gina, ƙofarsa tana kallon zauren Baba. Ko zai raba tsoho da ɗansa na fari don ya sami mata?

Ja'afar ya dafe kai. Ya ce shi dai ya san ba zai iya ganinta a gidan Zubair ba, gara ya bar ƙasar. Ta ce wannan ba amsa ba ce, kuka ne, kuma kukan tana da nata.

Inuwa ta miƙe, lokacin miƙa aiki ya matso. Saura awon ƙarshe. Sista ta ce ta bari ita za ta yi na gadon lungu. Mardiya ta ce a'a, gadonta ne. Ta wanke fuska ta ɗauki abin awo, Sista ta bi bayanta.

An zuge labulen. Alhaji yana kwance a miƙe, zufa ta bushe, kwanon kunu babu komai a ciki. Gwaggo tana kan tabarma tana jan carbi da ƙarfi kamar shi ya yi mata laifi. Ja'afar ya tsaya daga bakin ƙofa, bai shigo ba.

Mardiya ta yi sallama ta durƙusa. Tsohon ya ja mayafi ya rufe fuska, sannan ya zuro hannunsa waje ta ƙarƙashi. Ta naɗa abin awon a damtsensa, ta ɗora yatsu a wuyan hannunsa, ta fara matsa iska.

Daga cikin mayafin ya yi magana, amma da Sista ya yi.

"Sista, ki hwaɗa ma yarinyar ga na gode. Abin da ta yi mani, ɗiyar cikina sai haka. Ban riƙe ta da komi ba, duniya da lahira."

Mardiya ta ji wani abu ya fara kwancewa a ƙirjinta.

"Ki hwaɗa mata kuma, ni tsoho ne, kwanana ya yi nisa, ba ni iya ƙarasa shi ina ɓoye huska cikin gidana. Allah shi yi mata albarka. Allah shi ba ta miji nagari, a wani gidan da za a iya duban idonta."

Gwaggo Kande ta shafa da sauri ta ce amin. Mutumin gadon kusa, wanda bai san dawan garin ba, shi ma ya ce amin. Sista ba ta isar da saƙon ba, don babu wanda bai ji ba.

Saura Mardiya. Tun da aka haife ta babba bai taɓa yi mata addu'a ta bar ta a ƙasa ba. Kalmar ta riga ta zo kan harshenta da kanta, leɓenta har ya buɗe.

"Ba amin ba, Baba."

Daga bakin ƙofa maganar ta fito. Ja'afar ya tako ya shigo har gaban gadon, ya zube gwiwa biyu. Ya ce a yafe masa, amma wannan addu'ar ba zai amsa ta ba, ko za a tsine masa.

Carbin Gwaggo ya tsaya cak. A ƙarƙashin yatsun Mardiya jijiyar tsohon ta buga da ƙarfi, ta sake bugawa.

Alhaji Rabe ya sa ɗaya hannun ya janye mayafin a hankali har ƙasan haɓa. Idanunsa sun kumbura. Ya tsallake ɗansa, ya tsallake yayarsa, ya sauke su a kan Mardiya.

"Ke ma haka kika ce?"

Kanta yana ƙasa, hawaye yana sauka a kan zanen gadon. Ba ta saki hannunsa ba.

"Ban ce amin ba, Baba."

Awon ya riga ya lalace. Ta sassauta abin, ta gyara masa zama a damtsen, ta sake matsa iska daga farko.